Aji Ɗaya, Yara Iri-Iri: Abin da Malami Zai Iya Yi a Makarantunmu na Legas

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantun unguwanninmu na Legas, Agege ce ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago, ya san abin da ke rubuce a rajista daban, abin da ke zaune a kan benci daban. Rajista ta ce aji huɗu. A kan benci kuwa ga yarinyar da za ta karanta maka takardar magani ba gargada, ga yaron da har yanzu sai ya yi gumi kafin ya haɗa baƙi da wasali, ga wanda aka kawo daga Arewa watan jiya ba ya jin ko "zo in kashe ka" da Turanci, ga kuma wata can gefen taga da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ba kuma wanda ya san dalili. Littafi ɗaya aka saya musu, darasi ɗaya ake yi musu, jarrabawa ɗaya za su zauna a ƙarshen zango. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Faɗa wa malaman nan haka ka ji dariya, don abin da suka saba da shi ya fi nan nesa ba kusa ba.

Yadda ake ƙarewa a irin wannan aji sananne ne. Malami na bin jadawalin mako-mako, shugaban makaranta na leƙa littafinsa ya ga ko ya kai inda ya kamata, dole ya tafi da 'yan gaban da ke amsa masa, sauran su bi da amshi. Yaron da aka bari a aji biyu kuwa ba a nan yake tsayawa ba, ratar ƙaruwa take kowace shekara, tunda darasin aji uku a kan na aji biyu aka ɗora shi. Kafin ya kai aji shida gida da makaranta sun haɗu sun yanke masa hukunci: ba shi da kan boko, gara ya bi babansa kasuwa.

A takarda dai an daɗe da wuce nan. Tun 1994, a taron da UNESCO ta shirya a garin Salamanka na ƙasar Sifaniya, aka amince cewa makarantun kowa-da-kowa su ne ya kamata su karɓi kowane yaro, ko mene ne halinsa. Jihar Legas ta yi dokar masu buƙata ta musamman a 2011, wadda ta haifar da LASODA, ofishin kula da harkokin masu nakasa, tana kuma da sassa na musamman a cikin wasu makarantun gwamnati. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, har da a wajen karatu. Madalla. Sai dai doka ba ta gaya wa malami abin da zai yi da ƙarfe tara na safiyar Litinin ba, kuma 'ya'yanmu da yawa a ƙananan makarantun kuɗi suke, ko Islamiyya mai haɗe da boko, inda babu ƙwararren malami ko ɗaya na wannan fanni.

To me ya rage a hannun malami? Abin da na yarda da shi shi ne, kusan duk dabarar da ke aiki tana farawa ne daga gano inda yaro ya tsaya da abin da ya tsayar da shi. Daga kan teburin malami, yara huɗu masu matsala huɗu daban-daban kamarsu ɗaya: duk sun yi shiru, duk sun ci sifili. Amma wani harshe ne ya tare shi, wani jikinsa ne, wani darussan ne ba su same shi a aji ba, wani kuma ƙwaƙwalwarsa ce ke ɗaukar karatu ta wata hanya dabam. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ɗauki harshe tukuna, don shi ne namu na zaman Kudu. Ɗan Bahaushe a Agege da Hausa yake farkawa. Ya fita layi ya ji Yarbanci da Turancin buroka, ya shiga aji a yi masa Turancin littafi, a ba shi darasin Yarbanci tunda dokar jiha ta 2018 ta wajabta koyar da shi, da yamma ya tafi Islamiyya ya karanta Larabci daga dama zuwa hagu. Wannan arziki ne, wani babban ma bai same shi ba, amma yana ruɗin malamai. Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da nuna cewa yaro kan iya harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen da ake karatu da shi yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Sai malami ya ga yaro na zuba surutu da Turanci a filin wasa, ya ɗauka ya iya, idan ya faɗi lissafi a ce ba shi da kai. Gwajin nan ba shi da wuya. Yaron da ya kasa amsa tambayar ragewa a takarda, ja shi gefe ka ce masa da Hausa, "An aike ka da naira 500, ka yi sayayyar 350, nawa ne canjinka?" Idan ya ba ka amsa kafin ka rufe baki, ka san lissafin na nan daram, Turancin tambayar ne ya kayar da shi. Wannan yaron ƙarin darasin lissafi ɓata masa lokaci ne.

Abin da zai yi masa amfani mai arha ne. Kafin a shiga darasi a zaɓi kalmomi huɗu ko biyar da darasin ya rataya a kansu, a koyar da su da hoto ko da abin kansa a hannu. A zaunar da baƙo kusa da ɗan gari mai jin Hausa da Turanci. A ba yara minti biyu su tattauna tambaya da harshen da suka ga dama kafin su amsa da Turanci, ko da malamar Bayarabiya ce ba ta jin abin da suke cewa. Amsar da za ta fito ita za ta nuna mata ko hirar banza suka yi. Tarar da wasu makarantu ke ci idan yaro ya yi yarensu kuwa, ban ga abin da take koyarwa ba sai rufe baki. Ba sabuwar magana ba ce wannan. Farfesa Babs Fafunwa, ɗan Isale Eko a nan Legas, ya fara wani gwaji a Ile-Ife a 1970 inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci na matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Ga Hausa ma akwai wata garaɓasa: yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya zai yi maka sauti uku. Yaron da ya kama sirrin haɗa baƙi da wasali da "ba, bi, bu" ya karanta "baba" da "buta" da kansa, ya riga ya gane me ake nufi da karatu, sai dai ya ɗauki wannan ganewar ya kai ta Turanci. Littattafan "Mu Karanta!" da aka yi wa makarantun Sakkwato da Bauchi an tsara su ne a kan wannan hanya, kuma babu abin da ya hana makarantar Hausawa a Legas ta neme su.

Sai jiki. A nan ne ake yawan zaluntar yara ba da niyya ba. Akwai wata yarinya 'yar aji uku a wata makaranta da na sani, kullum sai an faɗi abu sau biyu kafin ta motsa, ana ce mata mai taurin kai. Malamarta ce ta lura da abu uku: idan ana magana yarinyar kan karkatar da kai gefe guda, idonta a kan bakin mai magana yake ba a kan allo ba, kuma duk sa'ad da malamar ta juya baya tana rubutu tana bayani, sai alƙalamin yarinyar ya tsaya cak, ta koma leƙen littafin ta kusa da ita. Da aka tashi sai ta tsaya bayanta kamar tsawon hannu, ta toshe mata kunne ɗaya, ta raɗa lambobi. Ta dama ta maimaita su duka, ta hagu ko ɗaya. Da aka tambayi uwar sai ta ce ai kunnen ya daɗe yana zubar da ruwa tun tana ƙarama. Asibiti ya yi nasa, malama ta yi nata: ta dawo da ita layin gaba ta ɓangaren da kunnen mai lafiya ke fuskantar malami, ta daina magana da allo, ta riƙa rubuta aikin gida maimakon faɗinsa da baki ana hayaniyar tashi. Ka tuna kuma irin ajujuwanmu: falanki ne ya raba ka da ajin da ke kusa, janareta na ruri, 'yan danfo na danna ham, a Agege ma ga jirgin ƙasa. Mai lafiyar kunnen ma da ƙyar yake ji.

Ido haka. Rubuta haruffa manya da ƙanana a kwali, tsayar da yaro nisan mita shida, rufe masa ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke ƙanƙance ido, ko yake kwafe rubutun allo da kurakurai alhali yana kwafar na littafi daidai, tabarau yake nema ba tsawa ba. Yaro zabiya kusan kullum ganinsa na da rauni kuma haske na damunsa, don haka gaba zai zauna, nesa da ƙyallin taga, a bar shi ya kusanto da littafi har hancinsa in ya so. Mai sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ba fashin makaranta kaɗai ke cutar da karatunsa ba. Ciwon kan taɓa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye, yaro mai ƙoƙari ya fara mantuwa da sanyin hannu ba a san dalili ba. Yana bukatar shan ruwa a kai a kai, yana kuma yawan fita fitsari, kada malami ya mai da wannan laifi. Mutanen Idi-Araba ma cibiyar sikila ta ƙasa a ƙofarsu take, daura da asibitin koyarwa na LUTH. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙu ya dawo, sau da yawa a rana, a ɗauka tunanin wasa yake. Yunwa ba sai na yi dogon bayani ba.

Na uku shi ne wanda darasi bai same shi ba. An tafi gida Sallah an ƙara mako uku, an yi rasuwa an tafi da yara, an kore shi kuɗin makaranta, damina ta cika layi da ruwa, yarinya na talla da safe sai ƙarfe goma take shigowa, ko rashin tsaro ya rufe makarantar garinsu shekara biyu kafin a taho. Wannan kansa ƙalau, rami ne kawai a karatunsa, kuma shi ne ya fi saurin farfaɗowa idan aka gano ramin.

Sai an kawar da waɗannan uku kafin a fara zancen na huɗu, wato larurar koyo ta ainihi. Disleksiya, alal misali, wahala ce ta danganta sauti da harafi. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, ba kuma ciwon ido ba ce. Za ka ga yaro mai kaifin baki, ya ba ka labari tiryan-tiryan, amma kalmar da ya karanta a layin farko ta zame masa baƙuwa a layi na uku. Juya b da d shi kaɗai ba hujja ba ne, ƙananan yara da yawa na yi har wajen shekara bakwai, ballantana wanda hannunsa ya fara sabawa da rubutu daga dama. Ba aikin malami ba ne ya laƙaba wa yaro sunan ciwo. Nasa shi ne ya rubuta abin da ya gani, ya canza salon koyarwa, ya ga ko an motsa. Abin daɗin shi ne, hanyar da ke taimakon mai disleksiya, wato koyar da sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya a tsare, da maimaitawa kaɗan-kaɗan kullum, ita ce ke taimakon kowane mai koyon karatu.

To ta yaya mutum ɗaya zai san matsayin yara sittin? Akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, ana kiranta koyarwa daidai matakin yaro. Masana tattalin arzikin nan Abhijit Banerjee da Esther Duflo, da suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada ta suka ga tana aiki, an kuma yi amfani da ita a Barno da wasu jihohin Arewa. Takarda ɗaya ce mai kashi huɗu: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, gajeren labari. Malami ya kira yaro shi kaɗai, ya fara nuna masa sakin layin. Ya karanta lafiya, a haura da shi labari. Ya kakare, a sauko kalmomi. Nan ma ya kasa, a sauko haruffa. Minti biyar ya isa yaro ɗaya. Idan ana ɗaukar shida ko bakwai a rana, cikin mako biyu an gama aji. Lissafi ma haka: gane lamba, tarawa, ragewa, rabawa. Daga nan sai a ware kamar awa ɗaya kullum a raba yara bisa matakinsu, ba bisa shekaru ko aji ba. A ƙaramar makaranta, malaman aji uku, huɗu da biyar sai su haɗa kai: wannan ya kwashi 'yan haruffa na duk ajujuwan uku, wancan 'yan kalmomi, ɗayan 'yan labari, awa na cika kowa ya koma ajinsa.

Hatsarin abin guda ne, kuma babba ne: rukuni ya zama gidan zama. Idan yaro ya shekara a rukunin haruffa, an dai sake masa sunan "bencin baya" ne kawai. Dole a riƙa maimaita gwajin bayan 'yan makonni, wanda ya iya ya haura nan take, kuma sunayen rukunin kada su zama na gori. Yara ba wawaye ba ne, sun san wa ke gaba, amma akwai bambanci tsakanin "kana mataki na biyu, saura kaɗan ka hau na uku" da "kai ɗan rukunin daƙiƙai ne".

Wanda ya yi makarantar allo zai ce ai wannan mun san shi. Gaskiyarsa. A zaure ɗaya wani na babbaƙu, wani na farfaru, wani ya kai Sabbi, kowa da allonsa. Malam ya biya maka naka, ba za a wanke a ƙara maka ba sai ka iya, manyan ɗalibai kuma su biya wa ƙanana. Ba wanda ake ja gaba don zango ya ƙare. Wannan tsarin ne boko ya rasa da ya tara yara bisa shekarun haihuwa. Abin da ba za mu kwaso daga can ba shi ne dorina, da kuma ɗauka cewa wanda ya haddace ya fahimta.

Sauran awannin da aji ke haɗe fa? A nan ƙananan abubuwa ne ke aiki. Babban maƙiyin malami shi ne amshi. "Kun gane?" "Eee!" Murya goma ce ta amsa, hamsin suka motsa baki. Maimakon haka, kowane yaro ya samu ɗan allo ko bayan kwali da alli: a yi tambaya, kowa ya rubuta, a ƙirga uku a ɗaga tare. Da kallo ɗaya malami ya ga waɗanda suka gane, waɗanda suka yi kuskure iri ɗaya, da wanda allonsa fari fat. Sai jira. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fi, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara. Ka auna wannan da yaron da sai ya juya tambayar zuwa Hausa a ransa, ya nemo amsa, ya mai da ita Turanci. Umarni kuma a gutsura shi. "Ku fito da littafi, ku buɗe shafi na 40, ku yi na ɗaya zuwa na biyar, ku tsallake na uku, wanda ya gama ya kawo" kaya ne da ya fi ƙarfin kan yara da yawa. Za su riƙe na farko da na ƙarshe, na tsakiya ya zube. Faɗi ɗaya, a yi, sannan ka faɗi na biyu, ka kuma bar su a rubuce a gefen allo.

Lissafi a fara shi da hannu kafin alli. Tsinken tsintsiya da robar ɗaure kuɗi sun isa. A ɗaure goma-goma. Ba yaro ɗauri uku da tsinke biyu, 32 ke nan, ka ce ya ba ka bakwai. Zai miƙo biyun, ya tsaya, ya dube ka. Kada ka ce komai. Can za ka ga ya kai hannu ya kwance ɗauri guda, ya ƙirgo biyar ya cika maka. Tambaye shi ɗauri nawa ya rage, tsinke nawa. Abin da ya yi da hannunsa yanzu shi ne "aro ɗaya" da aka shekara ana rera masa a allo bai san daga ina ake aro ba. Bayan tsinke sai zane, bayan zane sai lamba zalla. Mai saurin ganewa zai wuce matakan nan cikin kwana ɗaya, wani ya yi mako biyu a kan tsinke, duk hanya ɗaya suke bi. Aikin aji ma a rubuta shi hawa uku a allo, daga mai sauƙi zuwa mai tsauri, kowa ya fara inda zai iya. Kada a manta da yarinyar nan mai karanta takardar magani: ita ma mai buƙata ce, idan kullum aikinta jiran wasu ko biya musu, za ta gaji ta lalace. A ajiye mata tambaya mai sa tunani, ba ƙarin guda ashirin irin wanda ta riga ta iya ba.

A gefe guda, akwai wata magana da ake yawan sayar wa malamai a tarukan bita, wai kowane yaro da salonsa, wannan na ido ne, wancan na kunne, wancan na taɓawa, a gano na kowa a koyar da shi ta nan. Masana sun bi diddigin wannan a 2008 ba su samu hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba. Nuna abu ta hanyoyi da yawa ga kowa yana da amfani; rarraba yara gida-gida da sunan salo wahalar banza ce. Haka shirin EKOEXCEL da jiha ta fara a 2019, inda malamin firamaren gwamnati ke bin darasi daga na'urar hannu: yana tsara wa malami aiki, amma na'ura ba ta ganin fuskar da ta ɓace a layi na biyar, wannan har gobe aikin idon malami ne.

Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda ake ce wa mai ƙiriniya, yawanci shi ya fi kowa shan bulala, kuma shi bulala ta fi kasa gyarawa; gwamnatin Legas ma ta hana duka a makarantunta. Zaunar da shi kusa da kai, nesa da ƙofa. Yanka masa aiki gutsi-gutsi, ya yi uku ya kawo a duba. Ba shi aikin motsi na halal: raba littattafai, goge allo. Mai otizim kuma, wato larurar da ke wahalar da yaro wajen mu'amala da mutane da jure canji, abin da ya fi so shi ne ya san me ke zuwa. Jadawalin yini da hotuna a bango, da gargaɗi kafin a canza abu, suna rage masa firgita. Mai in'ina kada a ƙarasa masa magana, kada a bari a kwaikwaye shi. Bahago a bar shi da hagunsa wajen rubutu, a ba shi bakin benci ta hagu don kada gwiwar hannu ta riƙa karo da ta maƙwabci.

Duk wannan ba ya tafiya sai da iyaye, kuma yadda aka buɗe maganar shi ne rabin aikin. Ka ce wa uba "ɗanka na da matsala", ka rufe ƙofa. Wani zai ce, "Malam, ai ku zane shi kawai, mu ma haka aka yi mana." Wata ta ce, "Malama, an ce iska ce, muna nan muna karɓo masa taimako." Ba wurin gardama ba ne. Fara da abin da yaron ya iya, ka kawo abin da ka gani da ido: "Alhaji, yaron nan lissafin baki ba mai kama shi a ajin. Amma na lura idan yana bayan aji ba ya ganin allo. Don Allah a daure a kai shi a duba idon, addu'a kuma a ci gaba." Uwa ta fi kowa sanin tarihin yaro, yaushe ya fara magana, wace zazzaɓi ce ta taɓa kwantar da shi, don haka a nemi jin ta bakinta, ta hannun malama in hakan ya fi sauƙi. Malamin Islamiyya ma a tambaye shi: yaron da ke hadda da kunne kamar ruwa amma ya kasa bin baƙi a Mus'hafi, ya ba ka labari mai yawa.

Akwai kuma inda ƙoƙarin malamin aji ke ƙarewa, kuma faɗin haka ba gazawa ba ce. Zaunar da kurma a aji ba mai fassara, a ce an haɗa shi da 'yan'uwansa, ajiye shi kawai aka yi. Ga kuma wani ƙulli da ya shafe mu: kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu ta gado, amma makarantun kurame a Najeriya sun ginu ne a kan ta Amurka, wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan a 1960. Yaron da aka kawo daga Kano da maganar hannun gida zai tarar da wata dabam a makarantar Wesley da ke Surulere, sai an ba shi lokaci kamar kowane baƙon harshe. Makaho na buƙatar rubutun Braille, wanda ake karantawa da shafawar yatsa, da mai koya masa shi, abin da makarantar Pacelli, ita ma a Surulere, take yi tun 1962. Don auna larurar koyo ko ta ɗabi'a akwai sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi. Masu makarantunmu kuma, idan ana ɗaukar malamai, su tuna akwai kwalejin ilimi ta tarayya a garin Oyo da aka kafa musamman don horar da malaman wannan fanni. Makarantu uku ko huɗu na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su ɗauki guda yana zagayawa.

Abu na ƙarshe da ake sakaci da shi shi ne rubutu. Malama ta shekara tana gano yaro, sabon zango ya zo ta koma wata makarantar da ta fi albashi, wanda ya gaje ta ya mai da yaron bayan aji. Shafi ɗaya ga kowane irin wannan yaro ya wadatar: matakin da yake, abin da aka gwada, abin da ya yi aiki, abin da likita ya ce, a ajiye a ofishin shugaban makaranta ya bi yaron aji-aji. Wannan takardar ce kuma za a nema idan ya kai manyan jarrabawa, domin WAEC na tanadar takardun Braille da masu manyan haruffa da ƙarin lokaci, JAMB ma na da tsari na musamman ga makafi, amma sai an bayyana buƙatar tun wajen rajista. Makarantar da ta tuna da maganar ana saura mako guda a shiga ɗakin jarrabawa ta makara.